Gishiri Mai Kunya

Tun ranar da na dawo ba a bar ni na tsince shinkafata cikin natsuwa ba. Wagga ta shigo ta ce yaya hanya, waccan ta leƙo ta kan katanga ta ce wai gaskiya ne an ji muryata har bakin madatsar Goronyo. To, na gaji da maimaitawa. Na sa an zauna an rubuta yadda na faɗa, mai son ji ya biɗi mai karanta mai, kamar yadda ni ma sai an karanta mini. Wanda ya ƙara gishiri kuma shi da Allah. Ni dai na ga gishirin da ya ishe ni a tafiyar nan.

Ɗiyata ta fari malamar kimiyya ce a nan Wurno. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, haka na iske uwata, haka ita ma ta iske tata. Tun da anka raɗa wa yarinyar nan suna bai taɓa fita daga bakina ba. Tana ƙarama ina ce mata Waccan, da ta fara aiki na ƙara mata girma ta koma Malama. Da ta haifi autarta sai ta sa mata sunana, saboda haka ita ma bakinta ya ɗaure, Ummi take ce wa yarinyar, ni kuma in ce Takwara. Duk maganar da ke tsakanina da Malama, ta kunnen Takwara take bi, ita da ko haƙori ba ta gama fiddawa ba.

Bana anka damƙa wa Malama makullin ɗakin da ake ajiyar sinadaran gwaji na makarantun yankinmu. Ita za ta adana, ita za ta kasa, ita za ta kai wa kowace makaranta rabonta kafin jarrabawar da yara ke yi da hannu. An ba ta ne a kan gwaji, domin akwai masu cewa mace mai goyo ba ta iya yawon rabon kaya. In kaya sunka isa a lalace, 'yan matan Goronyo su shiga jarrabawa hannu rabbana, makulli kuma ya koma aljihun wani. Wannan shi ne abin da munka ɗauko a mota, ban da kwalaye.

Ta zo gidana ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta dubi ɗiyar da ke cinyarta.

“Ummi, tambayi Inna ko za ta raka ki Rabah da Goronyo.”

Na ce, “Takwara, hwaɗa mata ni ba 'yar raino ba ce. Amma ke ba ki yi mini laihin komi ba.”

Da safe na je na iske su a ɗakin ajiyar. Na zaci zan ga wani abin mamaki, sai na ga ɗakin girki wanda babu murhu. Kwalabe jere bisa katako, kowace da murfinta da takarda a goshi. Ba wadda ta taɓa ƙasa, ba wadda rana ke dukan ta. Wasu na san su tun kafin a haifi mai makullin: ga farar wuta, ga alli, ga alif na tace ruwa, ga soda irin wadda muke sabulu da ita, mai cin hannu. Sauran kuwa duk fari fat, kuma duk wadda na nuna da baki sai Malama ta ce wa Takwara gishiri ne. Wannan gishiri, wancan gishiri, har wani mai launin makuba shi ma wai gishiri.

Na ce, “Takwara, wane daga ciki ke shiga miya?”

“Ummi, ce ma Inna ko ɗaya. Wanda anka sa wa jan zare ma ko taɓa shi kar ta yi.”

Dangi guda, suna guda, amma ba a zaunar da su tabarma ɗaya. Mai launin makuba ba ya shiga kwalin da farar wuta take. Soda tana can ita kaɗai kamar mai takaba. Na duba yadda take aunawa da ɗan cokali cikin ƙananan kwalabe, hannunta cikin safar roba, tana cusa ƙaiƙayin shinkafa tsakanin kwalba da kwalba, ban ga abin gyarawa ba. Ban dai faɗa ba. Yabon ɗan fari ma ba a yi.

Abu guda ta nanata wa Takwara har yarinya ta yi hamma: ruwa. Akwai masu shan ruwa ko daga iska su narke. Kwali kuma in gindinsa ya jiƙe, kana ɗagawa ya bar maka kwalabe a ƙasa. Ga shi bazara ta nuna, hadari na leƙowa daga gabas kowane marece. Sai na ɗora wa kaina aikin gadin sama. Tun daga Wurno har Goronyo wuyana bai sauko ba.

Direbanmu Malam Sahabi, dattijo ne mutumin Lahodu, motarsa mai buɗaɗɗen baya. Ya zo da tamfol wanda ya fi rariya huda. Na sa ya koma ya sake. Ya dawo da wani mai warin tafarnuwa, na ce wannan na gida ne, a shimfiɗa. Munka matsu a gaba, shi, ni da Takwara a tsakiya, Malama a bakin ƙofa.

Malam Sahabi yana da hali guda, ba ya kauce wa rami sai ya shige shi ya gaishe shi. Kowane rami kwalabe su amsa daga baya, ni kuma in dube shi. Da kallon ya yi yawa sai ya ce, “Inna, hanya ta haka take.”

Na ce, “Hanya ba ta da ido. Kai kana da biyu.”

Daga nan ya fara tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Inda ƙasar Wurno ta ƙare ta Rabah ta fara, akwai shinge. Yanzu hanyoyinmu haka suke, kowa ya san dalili. Wani saurayi mai kaki ya zagaya ya ɗaga tamfol, ya buɗe kwali, ya fiddo kwalba mai farin gari. Daga jin bakinsa ba namu ba ne, “me” yake cewa a wurin “mi”, kamar ɗan akuya.

Ya ce, “Direba, mene ne wannan?”

Malam Sahabi, da ya ji muna ta faɗa tun safe, ya ce, “Gishiri na, ranka ya daɗe.”

Sai yaron nan ya kama murɗa murfi, ya lashi ɗan yatsa zai dangwala. Malama ta buɗe ƙofa tana neman takardunta, ni kuwa na leƙa ta taga.

“Ɗana, in ka riga ka yi sallama da uwarka, lasa.”

Ya mayar da murfi. Malama ta miƙa mai takardar aiki da katinta, ya karanta, ya dube ta, ya dube ni.

“Mama, 'yarki ce?”

“Haka anka ce.”

“Yaya sunanta?”

Na ce, “Tambayi takarda, aikinta ke nan.”

Sai ya haɗe fuska. Wai wace irin uwa ce ba ta san sunan 'yarta ba? Ya kira babbansu. Motoci sunka taru a bayanmu, wani mai kaji yana ta matsa ƙaho. Babban, da yake ya daɗe a ƙasarmu, yana jin abin da ya faru ya tambayi Malam Sahabi ko ɗiyar fari ce. Anka ce ita ce. Ya yi dariya har ya dafa mota, ya ce a ɗaga shinge. Yaron kuwa ya bi mu da ido yana cewa shi ma ɗan fari ne, amma uwarsa tun daga bakin layi take ƙwala mai kira da cikakken suna, har da na ubansa. Na yi wa uwar tasa addu'a a zuci. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma wani kukan sai haƙuri.

Munka isa makarantar Rabah rana ta take. Malaminsu na kimiyya ya karɓi rabonsu, suna dubawa kwalba bayan kwalba. Ina zaune bakin ƙofa da Takwara sai na ga Malama ta zuba wani farin gari kaɗan a ɗan faranti, don ta nuna mai cewa ya iso lafiya. Fari ne kamar garin shinkafa. Ta ɗiga mai ruwa ɗigo guda. Nan take ya koma shuɗi, shuɗi sosai, kamar an tsoma shi a marina.

Na ce, “Takwara, mi ya same shi?”

“Ummi, ce ma Inna haka halinshi yake. Da shi ake gane ko abu na da ruwa. In ya yi shuɗi tun a hanya, ba shi da sauran abin da zai gwada ma yara.”

A duk dangin gishirin nan shi kaɗai ya shiga raina. Yana zaune shiru da farinsa, ba ya damun kowa, amma a taɓa shi kaɗan fuska ta sake, kowa ya gani. Na sa mai suna gishiri mai kunya. Na Goronyo yana cikin kwali mai jan zare, tare da sauran masu tsoron ruwa.

A Rabah munka kwana, gidan Kulu, ɗiyar kawuna, taubashiyata. Ban gama sallama ba ta amsa daga cikin ɗaki.

“Ba sai kin hwaɗi ba, warin tahwarnuwa ya riga ki shigowa. Mi kika kawo min?”

Da ta ga ana shigo da kwalaye sai ta fara rangaɗa guɗa, wai 'yan Wurno sun tuba sun fara tsaraba. Na ce gishiri ne, amma na gwamnati. Ta ce ai ita ma ta gwamnati ce, a zuba mata mudu. Sai da Malama ta durƙusa ta yi mata bayani, ta ce, “Gwaggo, wanga ko akuya ta lasa sai an yi gaggawar wuƙa,” sannan ta janye hannu. Ni dai ban janye ido ba.

Sai maganar masaukin kwalaye. Ɗakin baƙi akwai randa, ba ya yi. Ɗakin girki akwai wuta. Zaure yana yoyo. Ɗaki guda ne busasshe mai ƙofar kirki, na Kulu, kuma ba a aje kwali a ƙasa. Haka gishiri ya hau gadon ƙarfen Kulu mai rumfa, wanda ko jikokinta ba ta bari su hau, mu kuma tsofaffi biyu munka shimfiɗa tabarma a gindinsa kamar masu jiran gawa. Kulu ta ce tun da take ba ta taɓa saukar baƙon da ya kore ta daga gado bai ko gaishe ta ba.

Ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka. Ba zan ɓoye ba, tuwon ya tuƙu. Miyar ce dai tsirara, ba tafarnuwa ko ƙwaya. Na ce mutanen Rabah miyarsu kamar gaisuwar kurma. Ta ce gara su, mutanen Wurno ko furarsu sai an toshe hanci. Muna cikin ci, Malama tana can gefe da kwanonta ta ba mu baya, sai Kulu ta ɗaga murya.

“Wai ke, har yanzu ba ki kiran sunan yarinyar ga? Ta yi digiri, tana da ɗiya uku, gwamnati na kiran ta, ke kina nan kina Waccan. In kura ta biyo ta, mi za ki ce?”

Na ce, “In ce kura ta tsaya.”

“Ko dai kin mance shi? Hwaɗa min a kunne, ba ni gaya ma kowa.”

Na ci gaba da tuwona. Taubashi ba a fushi da shi, ba a kuma biye mai.

Kafin magariba hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Na fita tsakar gida na tsaya ina kallon shi, shi ma yana kallona. Ya yi iska, ya yi rugugi, ya wuce yamma bai zubar ba. Kulu ta ce ko hadari ya san fuskar da ba a yi wa wargi.

Da hantsi munka kama hanyar Goronyo, Kulu ta cusa mana hoce, wainar dawa, a ƙunshi. Ba abin da ya faru sai garken shanu da ya tare hanya, da wata Bafillata mai tallan nono da Malam Sahabi ya so ya ɗora ƙwaryarta bisa tamfol don ya rage mata hanya. Na ce ita ta shigo gaba mu matsu, ƙwarya kuma ta riƙe abinta a cinya. Haka munka tafi, nono na tsalle, ni ina tsakanin shi da gishiri. Da za ta sauka ta tambayi sunan Malama don ta yi mata addu'a, Malam Sahabi ya ce ɗiyar fari ce, sai matar ta rufe baki da gefen mayafi ta ce ita ce ta yi rashin hankali. Na ce ga mutane.

Goronyo garin ruwa ne. Ko'ina ka duba ga kore, ga injin ban-ruwa na tari, ga mata da tiren kifi. Mu a Wurno muna da fadama, amma su ruwa ya zame masu kamar maƙwabci, ba sa ko duban shi. Ni dai sama nake duba, kuma ranar tas take, ko gajimare babu. Na ce a raina mun tsira.

Makarantar 'yan mata ce, babba, mun iske an fito hutun tara. Malam Sahabi ya sauke kwalaye biyun da sunka rage a gindin wata dogonyaro, don kar rana ta buge su, mai jan zare a ƙasa, ɗayan a bisansa, an ɗaure su tare da igiya. Malama ta ce wa Takwara za ta je ofis ta nemo mai makullin ɗakin gwajinsu, yanzu za ta dawo. Malam Sahabi ya ja mota wai zai duba iskar taya, ni kuwa na san kifi ya tafi dubawa. Na goya Takwara, ta yi barci. Na zauna bisa saiwa ina gadin sama.

Sai na ji sanyi a diddige.

Na duba. Bayan itacen akwai tankin ruwa bisa dogayen ƙarafa, irin mai aiki da hasken rana. Ya cika ya fara amai, ba mai kashewa. Ruwan ya sauko ya yi hanya cikin rairayi, siriri kamar maciji, ya nufo kwalaye kai tsaye. Kwana biyu ina harare-hararen sama, ashe ta ƙasa zai biyo.

Na kama igiya na ja. Ko motsi. Na tura da ƙafa, gwiwata ta tuna mini shekaruna. Ƙullin Malam Sahabi kuwa ko da haƙori ba ya kwantuwa. Sai na tuɓe takalmana na kafa su a gaban ruwan, na tara rairayi da hannu, na ɗora ƙunshin hocen Kulu a kai. Ni ma na yi tawa madatsar a Goronyo. Ruwa ya tsaya ya yi shawara, ya rabu biyu, ya zagayo ta kowane gefe.

Malama tana can tsakiyar fili, ta ba ni baya, tana tafiya cikin ɗaruruwan yara masu fararen hijabai. Takwara, wadda ke kai saƙo, tana minshari a bayana, ko da ma a farke take muryarta ba ta kai can.

Na ce, “Malama.” Na ƙara da ƙarfi. Malamai mata huɗu da ke zaune a baranda sunka waiwayo, kowace tana nuna ƙirjinta. A makaranta ashe kowa Malama ne. Tawa ba ta ko juyo ba.

Na ce, “Ke!” Yara kamar garke sunka juyo, suna kallon tsohuwa ba takalmi tana wasan ƙasa.

Na ce, “Uwar Ummi!” Hayaniya ta haɗiye shi.

Ruwa ya rage bai fi tafin hannu ba ya taɓa kwali. Na tuna farin garin nan a ciki, zaune da kunyarsa. Na tuna makulli. Na dubi yaran da ke kallona, waɗanda su ne za su tsaya gaban faranti ranar jarrabawa. Sai na miƙe, na gyara goyo, na buɗe baki na kira sunan da anka raɗa mata ina bayan labule ina sauraro.

Sunan kuwa irin wanda rabin matan ƙasar Sakkwato ke amsawa ne. Yara fiye da a ƙirga sunka amsa “Na'am” baki ɗaya, har da ɗaya daga malaman baranda. Amma a duk filin nan mutum guda ce ta tsaya cak kamar an dasa ta. Ba ta amsa ba. Ta juyo a hankali, ta dube ni, ta dubi inda nake nunawa. Sai ta tattare zane ta sheƙo, malama guda, uwar 'ya'ya uku, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya. Manyan 'yan mata sunka rufa mata baya. Kafin ruwa ya gama lasar kusurwar kwali sun ɗaga shi sama kamar amarya, sun yi baranda da shi.

A ɗakin gwajinsu anka buɗe. Kusurwa guda ta yi laushi, ƙaiƙayi ya sha abin da ya shigo. Malama ta fiddo kwalbar gishiri mai kunya ta ɗaga ta a haske. Fari fat. Ta duba sauran ɗaya bayan ɗaya, malamar Goronyo ta karɓa ta jera bisa katako. Hocen Kulu ne kaɗai ya yi shahada.

Malam Sahabi ya dawo yana warin man kifi, yara sun riga sun ba shi labari tun daga bakin ƙofa. Ya dube ni ya ce, “Inna, lahiya? Na ga kamar kin yi shuɗi.”

Na ce ya je ya koyi ɗaurin da ake kwancewa, da ajiyar kaya nesa da tanki.

Munka kamo hanyar gida bayan azahar, mota ba kaya. Na sa ido a hanya, Malama ta sa ido a taga. Mun wuce gonakin albasa, mun yi nisa, sannan ta karɓi Takwara za ta ba ta nono. Ta gyara mata hula, ta sunkuya kanta.

“Ummi, hwaɗa ma Inna, ashe ta san shi.”

Na ce, “Takwara, hwaɗa mata na riga ta jin shi.”

Malam Sahabi ya shiga rami, ban ko dube shi ba.

Makulli yana nan a hannunta, yaran Goronyo sun yi jarrabawarsu. Kulu ta aiko daga Rabah wai in zo in maimaita a gabanta, tunda ba ta nan. Na aika mata da tafarnuwa. Ku ma masu leƙowa ta katanga kuna cewa in faɗi yadda na kira, ku huta. Mai son ji ya hau mota ya tafi Goronyo, akwai makaranta guda cike da shaidu. Ni na koma ce mata Malama, kuma bana ko tankin duniya zai yi amai, a aje kaya bisa tebur.